Mai Tsaron Baya

Kuskure ne ya fara haɗa su, kuma kuskuren nata ne, ko da yake har gobe ba za ta yarda ba.

Auta tana aiki a wani shagon da ake manna suna da lamba a bayan rigunan 'yan ƙwallo. Ɗaki ɗaya ne, da injin mannawa mai zafi kamar dutsen guga, da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. A wani mako wani kulob na rukuni na biyu ya kawo jesi ashirin da biyu. Ta gama su tsaf, ta ninke, aka zo aka kwashe.

Washegari da hantsi wani dogon saurayi ya sunkuyo ya shigo, don ƙofar ta yi masa gajarta. Ya yi sallama, ya shimfiɗa riga a kan teburinta, ya shafe ta da tafin hannu.

"Malama, lamba nawa ce wannan?"

Ta leƙa. "Tara."

"To, ni kuwa shida ne."

Ta jawo takardar da kulob ɗin ya kawo, ta bi da yatsa. Ta kifa lambar ne lokacin mannawa, kulob ya tashi da tara biyu, babu shida ko ɗaya. Amma Auta ba ta cikin masu saurin cewa a yi haƙuri.

"Ai ba ɓacewa ta yi ba, juyawa kawai ta yi. In ka tsaya da ka, shida ce."

Ya dube ta na ɗan lokaci, sannan dariya ta ƙwace masa.

"Tun ina ɗan shekara goma nake buga ƙwallo, ban taɓa zama tara ba. Tara shi ne mai zura ƙwallo a raga. Ni aikina in hana shi."

Ta ɗauko sabuwar riga ta manna masa shidarsa, wannan karon sai da ta duba sau uku. Da ta kai hannu za ta jefa ta farkon a kwandon ɓatattu, ya riga ta ɗauka.

"Ki bar mini wannan. Wata rana ko a mafarki na saka."

Daga ranar lambar Shida ta zama lambar da ta fi kowace saurin ɗagowa a duk garin. Sati ba ya cika bai zo da riga a hannu ba, wai gefen ya saki. Auta tana ganin sawun farcensa a wurin, ta manna kamar ba ta gani ba. A zuwa na biyar ta ce masa in lambar wayarta yake so ya faɗa, ya daina wahalar da riga.

Saƙonsa na farko ya iso tana kan hanyar gida.

"Mai Lamba, Shida ne. Na gode da kika ceci rigata, saura kaɗan in huda ta."

Ta mayar masa: "Dama haka 'yan ƙwallo kuke, ba kwa iya tafiya kai tsaye?"

"Na gaba ne masu kwana-kwana. Ni ɗan baya ne, inda aka ajiye ni nan nake tsayawa. Kin ajiye ni."

Ta karanta sau huɗu, ta ji daɗi har cikin ranta, ta rubuta masa cewa batirinta ya kusa mutuwa.

A hankali ta san labarinsa. Ya fara ne a filin ƙasa na bayan makaranta, inda aka tura shi baya don kawai ya fi kowa tsawo. Yana da shekara goma sha bakwai wani kulob ya ɗauke shi, ya yi kaka biyu yana ɗumama benci. Ya taɓa karya ƙashin hanci, ya taɓa yin wata huɗu da sanda saboda gwiwa. A kakar da suka haɗu kulob ɗinsu ya hau rukuni na ɗaya, koci ya ɗaura masa kambun kaftin. Duk da haka, in suna tafiya tare a titi babu mai waiwayo. A shekara bakwai ƙwallo uku ya ci, kuma ɗaya a ragarsu ce.

Wanda ake waiwaya saboda shi Walƙiya ne, mai lamba taran gaskiya. Shi ma ya zo shagon, don a rubuta masa laƙabinsa da ruwan zinariya. Ya ga Auta, ya jingina da tebur yana kaɗa makullin mota, ya ce bai san ana ɓoye irin wannan a lungu ba. Ta ba shi rigarsa, ta ce ya kula da injin yana da zafi.

Da maganar Shida ta yi nauyi, Auta ta gaya wa Inna. Ta gaya mata komai, har da ƙwallon. Inna ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Ƙwallo? Kin manta a gidan wa kike?"

Ba ta manta ba. Baba ya yi shekara ashirin da bakwai yana gadin ƙofar baya ta wani babban sito na kamfani. A duk shekarun nan sau ɗaya aka yi sata, ranar wani babban wasa, lokacin da abokin aikinsa na ƙofar gaba ya manna kunne a rediyo har aka fita da kaya ta gabansa. Su biyu aka tara aka yi wa faɗa, aka saka takardar gargaɗi a fayil ɗin Baba. Shekara goma sha biyar ke nan, bai huce ba. A ganinsa ƙwallo aba ce da ke ɗauke idon namiji daga abin da aka ba shi amana. Ko a talabijin aka fara, tashi yake.

Inna ce ta kai maganar. Da Baba ya tambayi sana'ar yaron, sai ta ce, "Ta ce mai tsaron baya ne." Daga nan ta ja bakinta, don ta ga fuskar Baba ta saki.

"Tsaron baya? A ce masa ya zo."

Ya zo ranar Lahadi da la'asar, da farar riga da ya sha wahalar samun mai tsawonsa. Ya durƙusa ya gaida Baba a falo. Auta ta kai ruwa, ta koma bayan labule ta tsaya, kamar yadda duk wata mai hankali za ta yi.

"An ce mini kana tsaron baya."

"Haka ne, Baba."

"Shekara nawa?"

"Bakwai ke nan ina cin abinci da shi."

"Ku nawa ne a bayan?"

"Mu huɗu ne, sai mai tsaron gida a bayanmu."

"Huɗu? Lallai wurin naku babba ne. Ni ni kaɗai na riƙe baya, shekara ashirin da bakwai."

Shida ya ɗago kai da mamaki. Abin da Auta ta gaya masa kawai shi ne Baba ya yi ritaya daga kamfani, sai ya ɗauka kulob ɗin kamfanin ake nufi. Ya dubi tsohon da sabon girma a idonsa.

"Ashirin da bakwai, Baba? Gwiwa ba ta ba ku matsala ba?"

"Ta ba ni mana. Tsayuwa ce. Ku suna yawan shigo muku?"

"Suna gwadawa. Akwai masu gudu, akwai masu wayo. Masu wayon sun fi wahala. Mutum zai yi kamar ba ruwansa da kai, kana ɗauke ido ya bi ta bayanka."

Baba ya buga cinya. "Haka suke. Kuma duk wahalar nan, na gaba ake sani."

"Su ake sani, Baba. In ka yi aikinka daidai, babu wanda ya san ka zo."

"Ran da aka shiga sau ɗaya kuwa?"

"Sunanka kowa zai riƙe."

A bayan labule Auta ta toshe baki da mayafi. Da farko dariya ce, daga baya ta zama tsoro. Ita kaɗai a gidan ta san mutanen nan biyu ba magana ɗaya suke yi ba, in ban da Inna da ta shige kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Awa biyu suka yi suna hira. Baba, wanda bai taɓa raka baƙo ya wuce bakin ƙofa ba, ya raka Shida har bakin titi.

Da ya dawo ya ce, "Yaron nan ya san aiki."

Shida kuwa ya turo saƙo tun bai isa gida ba.

"Mai Lamba, me ya sa ba ki taɓa gaya mini Baba namu ne ba? Na ji kamar na samu uba."

Ta riƙe wayar ta daɗe. Ta rubuta gaskiya, ta goge. Abin da ta tura shi ne: "Shi ma ya yaba da kai, Shidana."

Ta yi niyyar faɗa gobe. Goben ta zama mako shida. Baba ya riga ya ce a turo manya a ƙarshen wata, kuma duk ranar da ta buɗe baki sai ta ga yadda yake ambaton yaron, bakin ya mutu.

Walƙiya ne ya fasa ƙwan, kuma ba da mugunta ba, da girman kai ne kawai. Ya bincika ya gano gidan, ya faka motarsa ta toshe rabin layin, ya shigo gaida Baba da kyautar jesi mai sa hannunsa. Ya ce ya san akwai wani a gabansa, amma yana so a ba yarinya zaɓi.

"Ai abokin wasana ne, Baba. Kulob ɗinmu ɗaya. Ni nake ci, shi yake sharewa a baya."

"Abokin me?"

"Wasa. Ƙwallo."

Baba ya ninke jesin, ya mayar masa a hannu, ya ce ya gode, ya kuma roƙe shi ya janye motarsa mutane su wuce. Sannan ya kira Auta da Inna. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata su ke nan.

"Na zauna da yaro awa biyu ina buɗe masa cikina, ashe dariya ake yi mini a gidana."

"Baba, shi bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Ni ce na sani."

"Ya sani ko bai sani ba, ɗan wasa ne. Sunan sana'arsa ke nan, ba ni na raɗa mata ba. Ni kuwa aurenki ba wasa ba ne. A gaya wa mutanensa kada su wahalar da ƙafarsu."

Inna ta ce, "Malam, da ka ɗan..."

"Ke kuma naki daban ne, za mu yi shi."

Auta ta kira Shida ta gaya masa komai, tun daga labule. Ya saurara har ta gama, ya ce to, ya kashe. Kwana biyu bai neme ta ba. Ta manna lambobi a shago kamar inji, ba ta kifa ko ɗaya ba, kuma hakan bai faranta mata rai ba. A rana ta uku saƙo ya shigo.

"Ban ji haushin Baba ba, naki na ji. Kina tsaye kina jin ina ba dattijo amsar abin da bai tambaye ni ba, kika yi shiru mako shida. Aikina kike jin kunya, ko ni?"

Ta zauna a kan kwalin riguna ta yi kukanta, sannan ta rubuta:

"Ba kunya ba ce, tsoro ne. Na ga yana son ka, na kasa taɓawa. Na yi laifi, Shidana. Wannan karon ba zan ce ka tsaya da ka ba."

Amsar ta ɗauki minti goma. "Na ji. Ki goge idonki, na san kuka kike. Zan je in gan shi."

Ya je ba tare da ɗan rakiya ba. Baba bai ce ya shigo falo ba, a bakin ƙofa ya tsaya masa. Auta tana jin su ta tagar kicin.

"Baba, ban zo roƙo ba. Na zo in ce ban yi muku ƙarya ba, duk abin da na faɗa ranar nan aikina ne. Amma kun yanke hukunci a kan aikin da ba ku gani ba. Ku zo ku duba ni a bakin aiki. In kun ga wasa nake, ni da kaina zan janye. Muna da wasa ranar Asabar."

"Ka taɓa jin an gaya wa mai gadi ranar da za a zo duba shi?"

"A'a, Baba."

"To."

Ya shige gida ya bar shi a tsaye. Shida bai san ko an amsa masa ba ne ko an kore shi. Auta kuwa ta san mahaifinta, ta san wannan "to" ɗin ƙofa ce da aka tura ba a sa sakata ba.

Asabar ta zo ta wuce, Baba yana kan tabarmarsa. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Kowace Asabar da yamma saƙo ɗaya ne: "Ya zo?" Amsa ɗaya ce: "Bai zo ba, Shidana." Ta fara ramewa, Inna ta fara ajiye kwanon Baba da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Ranar Asabar ta huɗu, bayan azahar, Baba ya sa hularsa ya ce, "Auta, ɗauko mayafinki." Da ta fito ya miƙa hannu. "Wayar." Ya jefa ta a aljihunsa.

Filin ya cika, don an ce wasu masu neman 'yan wasa sun zo daga ƙasar waje, suna zaune a rumfar manya da littattafansu. Shida ya gaya mata tun farkon mako cewa irin mutanen nan suna son ɗan baya mai cin ƙwallo da ka, kuma dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu ga mai shekara ashirin da huɗu. Baba ya ƙi kujerun tsakiya. Ya hau can saman kusurwa, inda ake ganin fili duka da ƙofofinsa, ya zauna ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa.

Bai kalli ƙwallon ba ko sau ɗaya. In jama'a suka miƙe da ihu suna duban gabas, shi yana duban yamma, inda dogon nan mai lamba shida yake. Auta ma sai ta bi idonsa, ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba duk zuwanta kallo. Ƙwallo tana can nesa, amma Shida bai huta ba. Ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama, ya nuna wa wannan inda zai tsaya, ya jawo wancan da hannu, ya matsa taku uku ya toshe wata hanyar da babu kowa a kanta tukuna.

"Me yake ƙirgawa?" in ji Baba.

"Mutanensu, Baba. Da namu."

Da aka tafi hutun rabin lokaci ta sayo masa ruwa, ya sha, ya ce rana ta yi yawa, filin kuma ƙofarsa ta arewa ba ta da kirki.

Har minti tamanin da tara babu wanda ya ci. Sai kulob ɗin su Shida ya samu bugun kusurwa. Fili ya ɗauka: "Shida, hau. Shida, hau." Shi ne ya fi kowa tsawo, kowa ya san in ƙwallon ta sauka a kansa magana ta ƙare. Ya fara gudu zuwa gaba. Auta ta damƙe gefen mayafinta, tana so ya ci, tana so mutanen rumfar nan su rubuta sunansa.

Ya kai tsakiyar fili, ya waiwaya kamar yadda ya saba. 'Yan bayan uku duk sun riga shi tafiya, har wanda aka ce ya tsaya. Babu kowa tsakanin tsakiyar fili da mai tsaron gida. Shida ya tsaya cak. Ya dubi ragar da ake kiransa, ya juya ya dawo, ya tsaya shi kaɗai a cikin da'irar tsakiya.

Wani a bayansu ya ce, "Matsoraci kawai."

Aka bugo ƙwallon, golan can ya naushe ta, ta faɗo a ƙafar ɗan gabansu mai gudun tsiya. Shi da wani nasu suka taho su biyu, Shida shi ɗaya. Bai afka musu ba. Ya riƙa ja da baya, yana tsakaninsu, yana karkata mai ƙwallon zuwa gefe, taku bayan taku, har fili ya ƙare masa. Sannan ya sa ƙafa sau ɗaya, ƙwallon ta gangara waje. Babu wani abin kallo a ciki. Alƙali ya busa tashi, canjaras, jama'a suka fara fita suna tsaki.

Baba ya miƙe. "Ta ina suke fitowa?"

"Ta ƙofar baya."

"Dama."

A ƙofar baya sai da Baba ya tsaya ya gaisa da mai gadin wurin, ya tambaye shi aiki da iyali, kamar sun san juna. Walƙiya ya fito, mutane suka yanyame shi, ɗaya daga cikin baƙin rumfa yana riƙe da kafaɗarsa. Can daga baya Shida ya fito da jaka a kafaɗa, yana ɗan ɗingishi, babu kowa a bayansa. Da ya ga Baba jakar ta kusa faɗuwa. Ya durƙusa a kan simintin.

"Tashi, gwiwar nan ta yi aiki yau," in ji Baba. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Duk filin nan sunanka ake kira. Ga baƙi sun zo da littafi. Me ya hana ka tafiya?"

Shida ya share zufa. Da alama bai ga abin tambaya a ciki ba.

"Baba, wa zan bar wa baya?"

Auta ta dubi fuskar Baba, ta kawar da kai, don ba ta taɓa ganin idon mahaifinta ya kawo ruwa ba kuma ta san ba zai so ta gani ba.

"Shekara goma sha biyar da suka wuce," in ji Baba, "da na samu mutum ɗaya mai wannan amsar a ƙofar gaba, da fayil ɗina ya fita fari." Ya gyara hularsa. "Ba ka yi mini ƙarya ba. Mai gadi ne kai, sai dai kai ana sayen tikiti a kalle ka. Ka ce wa manyanka su zo. Na ba ka."

Ya zaro wayar daga aljihu ya miƙa wa Auta, ya yi gaba yana neman motar haya, ya bar su a tsaye. Sai da ta shiga mota saƙo ya shigo.

"Mai Lamba, ya zo."

Ta rubuta: "Ya zo, Shidana."

Baƙin rumfa Walƙiya suka ɗauka, kuma ya cancanta, don yaron yana ci. Shida ya yi musu fatan alheri, ya koma atisaye ranar Litinin. Nasa kiran sai bayan shekara guda ya zo, na ƙungiyar ƙasa da farko, daga baya na wani kulob matsakaici a ƙetare, wanda kocinsa ya ce ya gaji da 'yan bayan da ke son zama 'yan gaba. Amma wannan duk bayan biki ne.

An ɗaura auren ne a hutun ƙarshen kaka, ranar wata Asabar da babu wasa. 'Yan kulob suka cika layin, dogaye da gajeru, Inna tana ta kai da kawo kamar ba ita aka yi wa faɗa ba. Duk wanda ya zo taya murna, Baba sai ya kamo hannun ango ya ce, "Ga surukina, abokin sana'ata ne." Tsofaffin abokan aikinsa suka yi ta tambayar Shida a wane kamfani yake, Baba bai gyara musu ba.

Da za a tafi da amarya ya zaunar da su biyun a falo, a inda aka yi hirar nan ta farko.

"Ke Auta, in kin ga abu ya karkace, ki faɗa a ranar, kada ki jira gobe. Kai kuma ba ni da abin da zan koya maka. Amanar da na tsare shekara ashirin da biyu ce na miƙa maka, ka riƙa waiwayawa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare muku gaba da baya."

Suka ce amin, Inna ta faɗi tata amin ɗin daga bayan labule.

Washegari da safe Auta ta fito da shayi a sabon ɗakinta, ta tarar da angonta zaune a falo cikin wata tsohuwar jesi da ta sha ninki. Ya juya mata baya don ta gani. Tara ce, ɗan gefenta a karkace.

"Na ce miki wata rana zan saka," in ji shi. "Sau ɗaya dai a rayuwata na shiga gaba na ci."

Ta ajiye kofin a gabansa, ta shafa lambar da tafin hannu, ta ga har yanzu ba ta ɗago ba.

"Ka gani ko? Tun ranar na gaya maka ba kuskure na yi ba."